Jiragen Yaƙin Ruwa na Mashigin Tekun Gini da Kasuwannin Sahel: Laccar da Aka Gabatar a Unguwar Zogona, Wagadugu

Burkina Faso ba ta da gaɓar teku, sai dai mafi yawan shinkafa da man fetur da kayan gyaran babura da ake sayarwa a kasuwannin Wagadugu a tashoshin ruwan Lome da Abijan da Tema da Kwatano ake sauke su, kuma ta nan audugar ƙasar ke fita. Fataken Hausawa da suka ratsa ƙasar Mosi zuwa Salaga neman goro sun daɗe da sanin cewa tsaron hanya cikin farashin kaya yake. Haka abin yake a teku, domin idan fashi ya yawaita sai kamfanonin inshora su ɗora wa jiragen dakon kaya ƙarin kuɗi, ƙarin kuma ya biyo tirela har Sahel.

A shekarar 2020 an yi garkuwa da ma'aikatan jiragen ruwa 135 a duniya, 130 daga cikinsu a Mashigin Tekun Gini, duk da Yarjejeniyar Yawunde ta 2013 wadda ta tsara yadda ƙasashen yankin za su riƙa musayar bayanai da sintiri tare. Nijeriya ce ta fi kashe kuɗi a kan lamarin. A watan Yunin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue na dala miliyan 195 a ƙarƙashin NIMASA, wato hukumar kula da sufuri da tsaron ruwa, wanda ya ƙunshi manyan jiragen sintiri 2, jiragen sama 2, masu saukar ungulu 3 da ƙananan jiragen ruwa masu gudu 17. A shekarar ce kuma rundunar ruwa ta karɓi NNS Lana daga Faransa, jirgin da aikinsa auna zurfin teku da zana taswirarsa ne, sannan a 2022 NNS Kada ya iso, mai ɗaukar dakaru da motoci ya sauke su a gaɓa. Garkuwa da mutane ta ragu ƙwarai bayan haka, ko da yake dokar hukunta 'yan fashin teku ta 2019 tana da nata kason a wannan nasara, tun da kafin ta ana kama ɓarayi a rasa dokar da za a gurfanar da su a kanta.

Inda gizo ke saƙar shi ne kula da kayan bayan saye. NNS Aradu, wanda aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982 a matsayin jirgin alfarma na rundunar, ya shafe shekaru a ɗaure a tasha saboda rashin gyara da rashin kayan canji. Wannan ne ya sa ƙananan jiragen da aka ƙera a ma'aikatar rundunar da ke Legas, Andoni a 2012 da Karaduwa a 2016 da Oji a 2021, suka fi girmansu muhimmanci, domin injiniyan da ya ƙera jirgi ba ya jiran baƙo ya zo ya gyara masa.

Ficewar Burkina Faso da Mali da Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025 ba ta sauya taswira ba, kuma tayin da Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya yi a Nuwamban 2023 na buɗe wa ƙasashen Sahel hanya zuwa Tekun Atlantika yana buƙatar tituna masu tsawo ta cikin sahara, saboda haka har yanzu kayan Wagadugu suna ratsa ruwan da rundunonin Togo da Ghana da Kodebuwa ke gadi.