Abin Da Ke Bayan Gonar Goro

 

An ce mu ɗan yi magana a kan goro. To ba maganar farashi za mu yi ba, wannan kullum ita muke yi a bakin rumfa. Maganar gona ce da dajin da ke bayanta. Da yawa cikinmu an haife su a nan Sabon Shagamu, sun san marsa sun san minu, su ɗaga huhu su faɗi kwarya nawa ce a ciki, amma ba su taɓa tsayawa a gindin bishiyar ba. Mu da muke bin ƙauyukan Remo da Ijebu muna saro tun muna samari, ga abin da idonmu ya gani.

Goron da muke ci da shi, wanda Yarbawa ke kira gbanja, sunansa ma ya nuna hanyar Gwanja da kakanninmu suka riƙa bi da jakuna. Da dogo ya kai Kano a 1911 sai nomansa ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa, iyayenmu suka biyo shi, suka kafa wannan unguwa. Ke nan itacen nan shi ya zaunar da mu. Shi kuwa itacen daji ne, yana ƙarami sai da inuwa, kuma yakan yi shekara bakwai ko fiye kafin ya fara 'ya'ya sosai.

Da tsakiyar damina zai yi fure, fari-fari mai jan zane a ciki. Wanda ya sunsuna ya san ba ƙamshin turare gare shi ba. Amma wannan warin shi ke kiran ƙudaje da ƙananan ƙwari, su ɗauki garin furen wata bishiya su kai wa wata. Bishiyoyin goro da yawa ba sa ɗaukar 'ya'ya da garin furensu, sai na maƙwabciya. Shi ya sa za ka ga bishiya ta cika da fure kamar amarya, kaka ta zo ba komai. Daga fure zuwa nuna wata huɗu ne zuwa biyar, saboda haka kasuwa ke cika daga Oktoba zuwa Disamba.

Yanzu bari mu zo kan babbar abokiyar gabarmu, sankara. Jama'a, sankara ba a cikin huhu take farawa ba. Wani ɗan ƙwaro ne mai dogon baki, ya saka ƙwai a cikin goro, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta yi ta ci daga ciki, ta bar gari. Waje lafiya lau, sai mai saye ya fasa a Kano ko Maiduguri, a aiko maka da saƙon da ba ka so. To ta ina ƙwaron ke shiga, alhali goro na cikin kwanso mai kauri? Yawanci ta kwanson da ya faɗi ya kwana a ƙasa ya tsage, ko wanda wani ya riga ya huda. Mai hudawar kuwa sau da yawa kurege ne, sai gafiya da ɓeraye su ƙarasa a ƙasa. Kurege farar ɓargon da ke lulluɓe da goron yake so, ya ɗan gatsa ya yar, ya bar wa ƙwaro ƙofa a buɗe.

Wa ke rage kurege da ɓera? Shaho da rana, mujiya da dare, sai tunku da macizai. Duk waɗannan a kurmin bayan gona suke kwana. Mun lura, inda aka sare kurmin aka yanka fulotai, mai farautar ne ke fara gudu, shi kuwa ɓera ko a jikinsa, ya ma ƙara samun wurin zama. Don haka yaranmu da ke bin mu ƙauye da danƙo, su ga mujiya su ce tsuntsuwar mayu ce su harbe, a ja musu kunne. Mai gadi suke kashewa, wanda ba a biyansa ko kwabo.

Akwai kuma wasu jajayen tururuwa masu ɗinke ganye su yi gida a saman bishiya. Wanda suka taɓa zubo wa a wuya ba ya mantawa, wallahi sai ka tuɓe riga a gaban mutane! Masu tsinka ba sa ƙaunarsu. Amma masu binciken gona sun daɗe da tabbatar da cewa suna kama ƙwari masu ɓarna a itatuwa irin su koko da kashu da mangwaro, kuma mu ma mun ga bishiyar da suke kai ba ta cika ciwo ba.

Ba duk ɗan daji ne masoyi ba. Kauci, wanda muka sani a kan kaɗanya da ɗorawa a gida, yana nan a kan goro da jan furensa. Sha-kauci ya sha ruwan furen, wasu ƙananan tsuntsaye su ci 'ya'yan, ƙwallon mai danƙo ya manne a wani reshe, ya tsira, ya yi ta tsotsar bishiya har reshen ya bushe. Maganinsa adda, a sare reshen tun da wuri. Idan ka shiga gona ka ga kauci ya yi ja ko'ina, ka san mai gonar ya tsufa, 'ya'yansa sun tafi Ikko, kada ka ba da kuɗin gaba mai yawa.

Sai ganyen fita. Duk wanda ke nan ya san ba huhu sai da shi, shi ke riƙe wa goro sanyi har ya zama daushe. A ƙarƙashin inuwar kurmi yake fita, inda akwai laima. Yau matan da ke yanko shi sai sun yi tafiya mai nisa fiye da da, kuɗinsa kuma a kanmu yake ƙarewa. Tun da aka buɗe babban titin Ikko zuwa Badun a 1978, gidaje da masana'antu suke ta cin gonaki ta wannan ɓangare. Babban dajin da ya rage mana kusa shi ne na Omo a gabashin Ijebu, inda har yanzu akwai 'yan giwaye, shi ma masu katako da masu koko sun sa shi a tsakiya.

Ƙasa dai ba tamu ba ce, mu baƙi ne, ba mu da ikon hana mai gona sayar da filinsa. Amma kuɗin saye a hannunmu yake, kuma manomi yana jin maganar mai saye. Muna roƙon 'yan kwamiti su zauna da manoman da muke hulɗa da su kafin kaka, a kan cewa a riƙa tsinko kwanso da lauje tun yana sama, wanda ya faɗi a kwashe a ranar, a ware goronsa dabam. Wanda ya kawo mai tsabta a ƙara masa wani abu a kan kwando. Cibiyar binciken koko da ke Idi-Ayunre kusa da Badun, wadda aka kafa a 1964, tana aikin goro ma, ba laifi a tura mutum biyu su je su ji.

Magana ta ƙarshe mai nauyi ce. Akwai masu zuba Gammalin a ruwan wankin goro don tsoron sankara. Wannan guba ce, tun 2009 ƙasashen duniya suka sa ta cikin magungunan da aka amince a daina. Goro ba a dafa shi, daga huhu sai baki, kuma bakin na iyayenmu ne a gida, da na masu ɗaurin aure da suna. Muna ba da shawara duk wanda aka kama da wannan, a kai sunansa gaban Sarki, kuma kada dillali ya taɓa kayansa a wannan kaka. Wanda ke da ja a kai, ga fili, ya tashi ya faɗa yanzu kafin a rubuta.