Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne: Jawabi Ga Sababbin Masu Koyon Linux

An gargaɗi masu koyon kwamfuta da su fara sanin inda na'ura take ajiye kaya kafin su soma share-share a cikinta. Wani malamin kwamfuta ne ya yi wannan gargaɗi a jawabinsa ga ɗaliban da suka saba da Windows, sannan suka koma Linux.

Malamin ya ce Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, shi ya fara ta a shekarar 1991. Kyauta ake samun ta, kuma wayoyin Android ma a kanta aka gina su.

Ya ce abin da yake fara rikita baƙo shi ne ya nemi C: ko D: ya rasa. A Linux komai daga tushe ɗaya yake fitowa, wanda ake rubutawa da karkataccen layi, wato /. Ya kwatanta shi da zauren gida, wanda sai ta nan ake bi zuwa kowane ɗaki.

Daga nan sai ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Foldar /home ita ce sashen mazauna gida. Kowane mai amfani da na'urar yana da tasa folda a ciki mai ɗauke da sunansa, kuma nan ne wasiƙunsa da hotunansa suke. Foldar /etc tana riƙe da ƙa'idojin da na'urar take bi. Yawancin manhajoji suna cikin /usr, kamar kayan aiki a rumbu. Foldar /var tana tara bayanin abubuwan da suka faru a na'urar. Idan kuwa aka soka filashi a Linux irin ta Ubuntu, yakan bayyana a ƙarƙashin /media.

Malamin ya ja kunne game da /tmp. Ya ce wurin ajiyar wucin gadi ne, na'ura takan share shi da kanta. Wanda ya ajiye lissafin ƙungiya ko sunayen ɗalibai a can, yana iya wayar gari ya tarar babu komai.

Haka kuma ya bayyana cewa Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka Taki daban, taki daban. Fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo kuwa ɓoyayye ne, amma yana nan.

Ga wanda ya ɓata hanya, ya ba da kalmomi uku da ake rubutawa a allon umarni: pwd tana faɗin inda mutum yake, ls tana nuna abin da ke wurin, cd kuma tana mayar da shi sashensa. Sai dai a yi hattara da rm, domin abin da ta share ba ya shiga kwandon shara, balle a je a ɗauko.

A ƙarshe ya shawarci ɗaliban da su tsaya a cikin /home, su kuma riƙa kwafe muhimman takardunsu a filashi. Ya ce idan na'ura ta nemi kalmar sirri kafin ta canza wani abu, alama ce an taɓa kayan maigida. A nan sai a dakata a tambayi wanda ya sani, domin matambayi ba ya ɓata.