Sa'ad da Tsararmu Suka Wuce Mu

Jawabi ga dattawa da membobin ikkilisiya
Karatu: 1 Sama'ila 1:1-18



Idan watan Disamba ya kama, da wuya Lahadi ta wuce ba a karanta sanarwar aure a majami'unmu ba. Ana miƙa jarirai, ana baikon godiya domin wanda ya gama bautar ƙasa ko ya sami aiki. Zumuntar mata su tashi da waƙa, mu duka mu yi tafi, kuma hakan daidai ne. Amma a bencin baya akwai 'yar'uwa da ta yi ƙawar amarya har ta gaji. Akwai saurayin da yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye masa wata takwas, ya gama a makare, har yau yana yawo da takardu. Akwai ma'aurata da suka shekara goma ba haihuwa. Su ma suna tafi, amma in sun koma gida sai hawaye.

A ƙananan ikkilisiyoyinmu abin ya fi nauyi. Gidajen masu bi kaɗan ne, samarinmu kuma sun tafi Kano, Kaduna ko Abuja neman abinci. Yarinyar da ta ƙudurta za ta yi aure cikin Ubangiji tana jira, tsararta a unguwa suna goyon na uku. Saboda bangaskiya take jira, mu kuwa muna tambayarta, “Yaushe za mu sha biki?”

Hannatu ta san wannan zafi. Ku lura da lokacin da ciwonta yake tashi: kowace shekara sa'ad da iyalin suka haura Shilo domin sujada. Wurin da ya kamata ta sami hutu, nan ne aka fi sosa mata gyambo. Mutum uku ne ke kewaye da ita, bari kowannenmu ya duba inda ya faɗa.

Ta farko Feninna, kishiyarta, wadda Allah ya ba 'ya'ya, ita kuwa ta mai da kyautar bulala. Ba sai mun yi zagi za mu zama Feninna ba. Habaici a bakin rijiya ya isa. Shaidar da ake bayarwa domin a nuna an fi wani, ita ma ta isa.

Na biyu Elkana, mijinta. Yana ƙaunarta ƙwarai, har yakan fifita ta wajen rabon naman hadaya. Amma da ya gan ta tana kuka, sai ya nuna mata cewa shi kaɗai ya fi mata 'ya'ya goma. Niyyarsa mai kyau ce, sai dai bai saurara ba. Haka mukan yi idan muka ce wa mai kuka “ka gode wa Allah kawai” tun bai gama magana ba.

Na uku Eli firist, kuma a nan mu fastoci da dattawa muke. Ya ga leɓunanta suna motsi ba murya, ya yanke cewa ta bugu. Sau nawa muka ga jinkiri a rayuwar wani muka ce zunubi ne, ko ƙarancin bangaskiya, ko asiri? Abin yabo ga Eli shi ne, da ta yi bayani ya saurara, ya sa mata albarka. Sai ta tafi ta ci abinci, fuskarta ta sake. A lokacin ba ta ko yi ciki ba. Ta zuba zuciyarta gaban Allah, bawan Allah kuma ya ji ta.

Yanzu ga ku masu jira. Ba za mu ruɗe ku ba: Littafi Mai Tsarki bai yi alkawari kowace Hannatu za ta goyi Sama'ila ba. Ibrahim ya jira shekara 25 ya sami Ishaku, amma Allah ya hana annabi Irmiya aure, Manzo Bulus bai da mata sa'ad da ya rubuta wa Korantiyawa, Ubangijinmu kansa bai yi aure ba, bai gina gida ba. Wa zai ce an bar su a baya? A Yahaya 21, bayan Yesu ya nuna wa Bitrus irin mutuwar da zai yi, Bitrus ya waiwaya ya tambaya game da Yahaya. Ubangiji ya nuna masa wannan ba ruwansa, nasa shi ne ya bi.

Mu manoma ne. Gero da dawa sukan tashi a gona ɗaya, su sha ruwa ɗaya. A girbe gero tun damina ba ta ɗauke ba, dawa kuwa sai iskar hunturu ta fara busawa. Babu manomin da ke zagin dawa don gero ya riga ta. Kada gaggawa ta kai ku gidan boka, ko auren da zai raba ku da Almasihu, ko cin bashi domin a ce ku ma kun yi. Ku faɗa wa Allah zafinku yadda yake, ku kuma ci gaba da hidima yau.

Dattawa, aiki yana gabanmu. Mu daina barin shugabanci ga masu aure kaɗai a inda Littafi bai ce haka ba. Mu rage tsadar kayan aure da muke ɗora wa samarinmu. Mu haɗa matasan ikkilisiyoyi maƙwabta cikin zumunci domin su san juna. Ma'aurata marasa haihuwa mu raka su asibiti, miji da mata duka, kada a jibga wa matar laifi. Ranar da muke addu'ar godiya kuma, mu haɗa da addu'a domin masu jira, ba tare da kiran suna ba. Romawa 12:15 ta ɗora mana murna da kuka tare. Mun ƙware a na farko, saura na biyu.

Allah ya ba mu kunnen ji, ya ta'azantar da masu jira, cikin sunan Yesu. Amin.