JAWABIN SAKATARE KAN RAUNIN INJIN FESHI DA HAƘƘIN MA'AIKACI

Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, iyaye da 'yan uwa.

Yaranmu da yawa a nan Legas suna bin 'yan kwangila aikin rufi, wasunsu kuma su ne ke riƙe bindigar feshin fenti a kan kwano. Wannan inji ba abin wasa ba ne. Ƙarfin da yake turo fenti ya ninka iskar tayar mota kusan sau 100. Idan bakinsa ya toshe, yaro ya sa yatsa zai goge, fenti da tina sai su huda fata su shige cikin nama.

Abin da ke ruɗin mutane, raunin kamar sukar allura yake, da farko ma babu zafi sosai. Amma a ciki guba na bin jijiya har tafin hannu, yatsa ya kumbura, jini ya daina zagayawa. Likitoci na son a yi tiyata cikin awa 6. In aka kwana, sau da yawa sai an yanke.

Saboda haka kada a matse, kada a ɗaure tamau, kada a tsaya kemis ko wurin mai ɗori. A wuce babban asibiti, kamar LUTH a Idi-Araba ko asibitin ƙashi na Igbobi, a tafi da gwangwanin fentin, a ce wa likita injin feshi ne. Kuma kafin a taɓa bakin bindiga, a kashe inji, a sauke ƙarfinsa. Safar hannu ba ta tare shi.

Sai maganar haƙƙi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ba ta ware ɗan Arewa ba, ba ta ware lebura mai aikin yini ko ɗan koyo ba. Wanda ya ji rauni ya sanar da maigidansa cikin kwana 14. Maigida ya kai rahoto hukumar NSITF cikin kwana 7. Neman diyya kuma cikin shekara 1 ne. Kuɗin da ake zuba wa hukumar, maigida ke biya, doka ta hana a cire a albashi.

Kada wanda ya dangwala a takardar da bai san abin da ke ciki ba, don an miƙo masa kuɗin magani. A kawo ofis mu karanta tare. A adana katin asibiti da rasit, a riƙe sunayen shaidu.

Iyaye, ku isar wa yaran da ba su zo ba. Allah ya tsare mana hannuwanmu. Wassalam.