Koyar da Kimiyya a Ajin Share Fage



A shekarar 1965 an yi wani taro a Kano wanda ya haɗa masana ilimi daga ƙasashen Afirka da dama da takwarorinsu na Amurka da Ingila. Daga wannan zama ne aka samu shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na Afirka, wanda ake taƙaita sunansa da APSP. Cikin ƙananan littattafan da shirin ya fitar akwai ɗaya da ya yi fice, na wani malami mai suna Jos Elstgeest da ya koyar a Tanzaniya. Gaba ɗayansa a kan kurkudu yake, ɗan ƙwaron nan mai tafiya da baya, wanda ke haƙa rami mai siffar mazurari a busasshen rairayi, ya lafe a ƙasansa yana jiran kiyashi ya zamo ya faɗa masa.

Dabarar littafin ɗaya ce. Idan yaro ya ce, “Malam, me kurkudu yake ci?” sai malam ya ce masa ya tambayi kurkudun. Yaro ya jefa ƙwayar gero cikin ramin, ya ga an watso ta waje. Ya jefa guntun ganye, haka. Ya saki kiyashi a bakin ramin, sai ya ga rairayi na tashi, kiyashi na zamewa ƙasa, an cafke shi. Amsa ta samu, kuma babu wanda ya rubuta ta a allo. Don 'yan firamare aka tsara shirin, amma babu wanda wannan dabara ta fi dacewa da shi kamar ɗan shekara huɗu ko biyar.

To, a leƙa ajin share fage a yawancin makarantunmu da lokacin darasin kimiyya. Anti tana tsaye da tsumagiya tana nuna allo, yara suna rera ma'anar “abu mai rai” da “abu marar rai” da Turanci, da ƙarfi har makwabta suna ji. An zana kifi da alli. A bakin taga kuwa ga ƙadangare yana gyaɗa kai, duk yaron da ya juya ya kalle shi sai a daka masa tsawa ya mai da hankali kan darasi.

Yara ba su rasa tambaya ba. Wurin yin ta suke rasawa. A Landan, Barbara Tizard da Martin Hughes sun naɗi maganganun yara mata 30 'yan kimanin shekara huɗu, a gida da kuma a makarantar reno, suka buga sakamakon a 1984. A gida, yarinya kan yi wa uwarta tambaya kusan 26 a awa ɗaya. A makaranta, wajen 2 kacal take yi wa malama. Yarinyar ɗaya ce. Abin da ya canza shi ne wanda ke riƙe da magana: a aji babba ne ke tambaya, yaro na amsawa.

Akwai wani gwajin da ya kamata kowane malamin ƙananan yara ya sani. Elizabeth Bonawitz da Laura Schulz da abokan aikinsu a Amurka sun haɗa wani abin wasa na bututan roba masu launi, wanda ke da ɓoyayyun ayyuka huɗu: wani bututu yana ƙara idan an ja shi, wani yana kunna fitila, wani wuri yana kiɗa, wani kuma da madubi a ciki. Wasu yaran an ce musu, ga yadda abin yake aiki, aka ja bututun ya yi ƙara, aka miƙa musu. Wasu kuma mai gwajin ta yi kamar tsintar abin ta yi, ta ja bututun kamar bisa kuskure, ta nuna mamaki, sannan ta ba su. Rahoton da ya fito a 2011 ya nuna cewa rukunin farko sun fi tsayawa kan jan bututun nan, suka gaji da wuri. Na biyun sun fi daɗewa suna juya abin, sun kuma fi gano sauran ayyukan. Dalilin ba ragwanci ba ne. Yaro ya yarda da malaminsa. Idan malam ya nuna abu ɗaya ya yi shiru, sai yaro ya ɗauka iyakar abin da ke akwai ke nan. Wannan bai hana koyarwa kai tsaye ba, domin sunan abu da haɗarinsa dole a faɗe su a fili. Gargaɗi ne kan gaggawar ba da amsa.

Hukuma ma ta daɗe da amincewa da haka, a takarda dai. Manufar ilimi ta Nijeriya, wadda aka fara bugawa a 1977, ta lissafa cusa wa yaro son bincike ta hanyar lura da halittu da muhalli cikin manufofin karatun share fage. Tun kafin nan, Friedrich Froebel, wanda ya kafa irin wannan makaranta a garin Bad Blankenburg na Jamus wajen 1840, ya ware wa kowane yaro 'yar gonarsa da zai shuka abin da yake so.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne babu kayan aiki. A wannan mataki ƙorafin ba shi da ƙarfi, don kayan suna tsakar gida. A jiƙa wake, a sa shi cikin gwangwanin madara uku: ɗaya a rana ana ba shi ruwa, ɗaya a rana ba ruwa, ɗaya cikin duhun kwali ana ba shi ruwa. Kafin a rufe kwalin a tambayi yara, wanne zai tsiro? Yawanci za su ce na duhun ba zai fito ba. Bayan kwanaki sai a buɗe, a tarar ya tsiro, har ya fi sauran tsawo, sai dai siriri ne, ɗorawa-ɗorawa, ba ƙwari. Ihun da yara za su yi a wannan lokaci shi ne darasin, domin sun yi hasashe, sun gwada, abin ya ƙaryata su, sun kuma yarda da idonsu.

Ruwan zoɓo ma haka. A ɗiga masa lemun tsami, jansa ya ƙara haske. A zuba masa ɗan ruwan kanwa, ya rikiɗe ya yi duhu. Baho ɗaya na ruwa ya isa darasin mako: ƙwarya tana yawo a sama, tsakuwa tana nutsewa, cokalin ƙarfe yana nutsewa amma kwanon sha na ƙarfe yana iyo, sai an cika shi. A kafa sanda a fili, yara su zana inuwarta da safe, su dawo kafin tashi su ga ta gajarce ta kuma juya. Da hunturu, idan iska ta bushe, a goga biro a gashi ya ɗauki gutsattsarin takarda. Da damina kuwa darasi da kansa yake shigowa aji.

Sai randa. A taɓa jikinta, a ɗanɗani ruwanta, a kwatanta da na bokitin roba. Yaro ba ya bukatar bayanin yadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yake tafiya da zafi idan iska ta busar da shi. Ya isa ya jiƙa hannu ɗaya ya ɗaga biyun a iska, ya faɗi wanda ya fi sanyi. Wannan ƙa'ida ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yi amfani da ita ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana kayan miya, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000.

Wajibi ne kuma malami ya san iyakar shekarun. Jean Piaget na Suwizalan ya nuna cewa idan aka juye ruwa daga kofi mai faɗi zuwa dogo siriri a gaban ɗan shekara huɗu, zai ce ruwan ya ƙaru. Yaron da ya ce wata yana bin sa ba shashasha ba ne. Abin da idonsa ya gani ya faɗa. Gyaransa ba ya zuwa da tsawa. A bar shi ya yi ta juye ruwan da hannunsa, a riƙa tambayarsa, “Ta yaya ka gane?” Haka idan yaro ya tambayi dalilin abu aka ce masa ikon Allah ne, gaskiya aka faɗa, amma bai kamata maganar ta mutu a nan ba. Alƙur'ani kansa yana da surori masu sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo.

Duk wannan hira ce, hira kuwa ba ta yiwuwa da harshen da yaro bai mallaka ba. Ɗan shekara biyar zai iya bayyana da Hausa, ko Fulatanci, ko Barbarci, abin da ya ga tsutsa tana yi wa ganye. Da Turanci sai dai ya maimaita kalma. Aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, kimiyya da lissafi a ciki, ya nuna cewa ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa.

Cunkoson aji matsala ce ta gaske. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kasa yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da gwangwaninta ko kofinta, a kuma fita inuwar bishiya idan ɗaki ya yi kaɗan. Tsaro ba abin wasa ba ne: ba a barin yaro shi kaɗai da bahon ruwa, ba ya ɗaga dutse da hannu saboda kunama, ba ya shiga kududdufi saboda tsargiya, ba ya kallon ƙwayar rana, kuma ƙananan iri sukan ƙare a hanci ko kunne idan ido ya kauce.

Saura iyaye da masu makarantu. Muddin uba yana auna kuɗin makarantarsa da yawan shafukan da aka cike a littafin rubutu, Anti za ta ci gaba da ba da kwafi, domin aikinta take karewa. Kwalejojin ilimi da ke horar da malaman ƙananan yara su sa kowane ɗalibi ya gudanar da irin waɗannan gwaje-gwaje da yara na gaske kafin a ba shi takardar shaida. Masu makarantu su ware rabin awa sau biyu a mako don fita fili. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo da ƙasa a rigarsa, a tambaye shi abin da ya gani kafin a yi masa faɗa.