Hannunka Na Sagewa? Wataƙila Matsalar Daga Wuya Take

Yau lafiya za mu taɓa, a kan wani ciwo da ke raba matashi da sana'arsa: matsewar jijiya a mashigar ƙirji, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da TOS.

Ku shafa ƙashin nan da ya taso daga kafaɗa zuwa gindin wuya. Tsakaninsa da haƙarƙarin farko akwai wani ɗan lungu. Ta nan jijiyoyin da ke kai saƙo hannu suke bi, tare da jijiyoyin jini. Idan lungun ya ƙuntata, sai a danne su. A cikin masu ciwon, sama da kashi 90 cikin 100 jijiyar saƙo ce ake dannewa. Ya fi kama 'yan shekara 20 zuwa 50, kuma ya fi yawa a mata.

Me ke jawo shi? Hatsarin mota ko babur da ya fizgi wuya. Aikin ɗaga hannu sama kullum, kamar fenti da haɗa silin. Rataya jaka mai nauyi. Duƙar da kai kan waya ko kwamfuta awa da awanni. Wasu kuma da ƙarin haƙarƙari a wuya aka haife su.

Alamominsa: ciwon wuya da kafaɗa, hannu ya sage, ka ji kamar ana tsira maka allura, musamman a ƙaramin yatsa da na kusa da shi. In ka ɗaga hannu abin ya ƙaru. In ya daɗe, naman gindin babban yatsa na iya zaizayewa.

To ya ake gane shi? Likita zai sa ka ɗaga hannaye kamar wanda ya miƙa wuya, kana buɗe tafi kana dunƙulewa har minti 3, ya ga ko alamun za su taso. Wannan kaɗai ba ya isa fa. Akwai hoton ƙashi don neman ƙarin haƙarƙarin, akwai hoton MRI da gwajin jijiya, domin zamewar faifan ƙashin wuya ma na kawo irin wannan ciwon.

Magani kuwa, ba da wuƙa ake farawa ba. Gashin ƙashi ne a gaba: motsa jiki na musamman na tsawon watanni, da gyara zama, da rage nauyin da kafaɗa ke ɗauka. Wani lokaci a haɗa da allura a naman wuya. Sai duk sun gaza ake tiyata, a cire haƙarƙarin farko a buɗe hanya.

Amma ku riƙe wannan: in hannu ya kumbura farat ɗaya, ko ya canza launi, ko ya yi sanyi ƙalau, jijiyar jini ce ta toshe. A garzaya asibiti a ranar.

Roƙona gare mu, mu daina zuwa kemis muna haɗiyar tiramadol don a samu a ƙarasa aiki. Ƙwaya na rufe zafi, jijiyar kuma tana nan a danne, ga jaraba ta shigo. Mu kuma daina cewa sammu ne tun ba a duba ba. In kana Kano, ga asibitin ƙashi na Dala. In kana wani gari, nemi sashen gashin ƙashi na babban asibiti. Iyayen gidan sana'a kuma, yaro in ya ce hannunsa na mutuwa, kar a ce lalaci ne.

Ku tura wa abokinku mai fenti ko ɗan acaɓa. Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.