Gaggawar Buɗa Baki da Haɗarin Mararraba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, nasiharmu ta yau tana kan masu hawan moto, da ƴan kabu-kabu da masu na kansu. Idan rana ta kusa faɗuwa a wannan wata, kowa yana sauri ya iske buɗa baki a gida, ga yunwa da ƙishirwa sun rage natsuwa. A wannan sa'a ce muke tsoron mararraba, inda hanyoyi suke haɗuwa.

Mu rage gudu tun kafin mu iso mahaɗa. Jar wuta in ta kama, mu tsaya, ko babu ɗan sanda. In ta sake mu, mu duba hagu da dama tukuna, domin akwai mai ƙetawa a makare. Inda babu wuta kuma babu alama, dokar hanya a ƙasarmu ta ba wanda ya fito daga dama damar wucewa. Kada mu raɓi babbar mota tana shirin karya kwana: direbanta ba ya ganinmu, kuma ƙafafunta na baya suna matsowa ciki. Mu kula da rairayin da ke kwance a gefen kwalta, domin taka birki da ƙarfi a kansa yana kayar da moto. Mu kunna fitila, mu sa hular kariya mu ɗaure igiyarta.

Malamai sun lissafa kiyaye rai cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsare su. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, an hukunta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kuma wanda bai samu wuyan da zai ƴanta ba, azumin wata biyu jere ya hau kansa. To, ina ribar wanda ya yi gudu saboda buɗa bakin yini ɗaya, ya jawo wa kansa wata biyu, ya bar marayu a gidan wani?

Gaggauta buɗa baki sunna ce, amma ba a sharɗanta gida ba. Mu riƙe dabino a aljihu. In an kira salla muna hanya, mu ratse gefe, mu buɗa baki, sannan mu ƙarasa a hankali.

Allah Ya mayar da mu ga iyalanmu lafiya, Ya karɓi azuminmu. Amin.